Ranar da Jami'a Ta Ba da Ni Aro

Jiya Alhamis aka kira ni intabiyu na ƙarin girma, ban je ba. Kafin ku ce ga irin halin namu nan, ku sani jami'ar da ta kira ni ɗin ita ta saya mini tikitin jirgin ƙasa na barin gari, har da takardar shan shayi kyauta a hanya. Shayin dai na sha, kuma ba ni da ƙorafi a kansa.

Shekarata goma sha tara ina aiki a wannan jami'a ta ƙasar Turawa, a ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa sinadarai. Ni ke wanke kwalabe, ni ke lallashin injin da ya ƙi tashi, ni ke hana ɗalibai ƙona girarsu. Shugabanni huɗu na gani a ɗakin nan, uku daga cikinsu ni na nuna musu inda ake kashe gas. Da na huɗun ya yi ritaya aka ce ana neman magajinsa, matata Araba ta ajiye cokali ta ce, "Baban Esi, in ba ka cike takardar nan ba ni zan cike maka, kuma ka san rubutuna." Na cike. Aka ware mutum huɗu da za a gana da su, har da ni, Ekow Bentsil, kuma ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Ba zan ɓoye muku ba, na so aikin nan. Na so shi ƙwarai, har kwat ɗina na kai wanki.

To, a jami'armu akwai wani babban mutum, Mai Girma Sarkin Daidaito, Garkuwan Marasa Rinjaye, wanda ofishinsa ke hawa na bakwai, can inda tagogi ke buɗuwa. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai tausayinmu. Duk watan Oktoba yakan sauko ya ci dafa-duka tare da mu, ya yi tari, ya sha ruwa, a ɗauke shi hoto, ya koma. Bara ya kafa doka cewa duk kwamitin da zai yi wa mutum intabiyu dole a samu baƙar fata ɗaya a ciki, don kada a zalunce mu. Mun tafa masa. Ni har bitar kwana biyu na je, aka ba ni takardar shaidar cewa na iya zama a kan kujera.

Ana saura kwana goma sai Magajiyar Fom ta kira ni, wato matar da ke riƙe da takardun ma'aikata. Mace ce mai fara'a, ba ta taɓa faɗa wa mutum mugun labari ba sai ta karkatar da kai gefe guda.

"Ekow, mun ji daɗi sosai da ka nemi aikin nan," in ji ta. "Sai dai akwai 'yar matsala. Kwamitinka ba shi da baƙar fata."

"To a nemo mana."

"Mun duba. Kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ne baƙar fatar da muke da shi ranar Alhamis."

Na ce ai ni ne kuma mai neman aikin. Ta ce ta lura da haka, shi ya sa ta zo mini da shawara: in na janye takardata, sai in zauna a kwamitin in tabbatar ba a zalunci baƙar fata ko ɗaya ba. Na tambaye ta wane baƙar fatar, tunda in na janye babu saura. Ta ce to ka ga ke nan ba za a zalunci kowa ba. Ta ƙara da cewa ba za a iya ɗaga ranar ba, domin in wata ya ƙare ba a cike gurbin ba, na sama za su soke shi, a raba aikin ga waɗanda ke nan, wato ni.

Duk Laraba mukan haɗu, mu ma'aikata da ɗalibai baƙaƙen fata, a wani ɗaki da aka ba mu a ƙarƙashin matakala, kusa da inda ake ajiye tsintsiya. A takardun jami'a sunansa Cibiyar Bunƙasa Al'umma. Kujeru tara ne, wanda ya makara ya zauna a kan bokiti. Kowa yakan zo da abin da ya dafa, kuma a nan ake jin wa ya samu ɗakin haya, wa takardun zamansa suka kusa ƙarewa, wa za ta yi wa wa kitso. A nan na kai kukana.

Anti Isatu, wadda ta shekara ashirin da biyu tana share ginin namu, ta dube ni ta ce, "Haba ƙanina, wannan ne ya hana ka cin abinci? Ni zan zauna. Ba zama ba ne kawai? Ni da nake tsaye tun safe, a ba ni kujera ai gata aka yi mini."

Ta ja ni har gaban Magajiya. Magajiya ta duba kwamfuta ta ce Anti Isatu ba ma'aikaciyar jami'a ba ce, ta kamfanin da aka ba kwangilar shara ce.

"To hotona da ke bakin ƙofa fa, wanda kuka rubuta Iyalinmu a ƙasansa?"

"Hoto daban, kwamiti daban."

"Wato a jikin bango ni baƙa ce, a kan kujera kuma ba ni da launi."

Magajiya ta karkatar da kai.

Muka gwada Dakta Chipo Marufu, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a kan kwantiragin wata tara-tara. Aka ce nata ya ƙare ranar Juma'ar da ta wuce, sai Satumba za ta sake zama baƙar fata a idon jami'a. Ɗalibai biyu masu neman digiri na uku suka miƙa kansu, aka ce su ba a ƙirga su sai lokacin buga littafin talla. Farfesa ɗaya tilo da muke da ita kuwa, tun da aka kafa dokar ba a sake ganinta a aji ba, daga wannan kwamiti sai wancan, har likita ya kwantar da ita.

Ranar Litinin sai ga Mai Girma da kansa ya sauko, ba Oktoba ba, ba mai hoto ba. Gabana ya faɗi.

"Ekow, na samo mafita. Aro za mu yi."

Ashe wata jami'a, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, ta yarda ta ba mu aron nata baƙar fatar, mai takardar shaida irin tawa. Sharaɗi ɗaya ne: su ma suna da intabiyu ranar Alhamis, don haka sai mu ba su aron namu.

"Ranka ya daɗe, namu wa?"

"Kai mana. Wa muke da shi?"

"Nawa intabiyun fa?"

"An sa ka a ƙarshe, ƙarfe uku. Ka tafi da safe, ku gama da rana, ka kamo jirgi ka dawo. An tsara komai, ofisoshi biyar suka zauna a kai."

Da ina da wayo da na tambayi abin da ya sa mutanen da ke da nasu suke neman aro. Ban tambaya ba, godiya ma na yi. Da na gaya wa Araba ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Aronka aka bayar? Kamar tsani? To ka ce musu su dawo mini da kai yadda suka karɓe ka."

Na isa can ƙarfe tara da rabi cikin kwat ɗina. Turawa uku ne a kwamitin sai ni, shugaban ɗakin karatu ake nema. Aka shigo da mutum na farko, na biyu, na uku. Aikina in yi tambaya ta huɗu, wadda aka buga mini a takarda, in kuma gyaɗa kai. Kafin sha biyu mun gama. Na miƙe na ɗauki jakata, sai shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta ce in zauna, akwai saura mutum ɗaya. An sa shi a ƙarshe, ƙarfe uku, saboda jami'a ta aike shi wani gari da safen nan. Na duba sunan: Lenford Maitland. Na zaro wasiƙar aron da Magajiya ta ba ni daga aljihu na duba sunan wanda aka aro mana. Shi ne.

Lambarsa na jikin wasiƙar. Na fita baranda na kira shi.

"Kai ne Bentsil?" in ji shi. "Yanzu nake shirin kiranka. Ga ni nan a ɗakinku, an ce ba za a sake ni ba sai ka zo."

"Ni ma an ce sai ka zo."

Sai na ji ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Shekara nawa kake jira, ɗan'uwa?"

"Sha tara. Kai fa?"

"Ashirin da uku. Kwat ka sa?"

"Na sa."

"Ni sabo na saya. 'Yata ce ta zaɓa mini."

Muka haɗa kai muka fito da dabara, irin ta mutanen da ba su kai ofis biyar ba. A yi abin ta waya mai hoto: ƙarfe uku in fita baranda kwamitinsa ya yi mini, uku da rabi shi ya fita kwamitina ya yi masa. Da na kai wa shugabar shawarar, sai ta sauko da tabarau daga goshi ta buɗe kundin dokoki. Ta ce ba zai yiwu ba, doka ta hana mutum ya yi wa wanda ya yi masa intabiyu intabiyu, don kada su taimaki juna. Na ce ai da ma haka aka tsara, ni in yi masa, shi ya yi mini. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa aka yi sa'a bai zo ba, domin in mai neman aiki bai zo ba babu wata matsala, sa hannu kawai zan yi.

Na kira ofishin Mai Girma, aka ce yana cikin jirgin sama, za shi wani taro a ƙasar waje ya ba da labarin nasarar dokar. Na kira Magajiya ta ce, "Ina jin abin da kake ji, Ekow." Ta cikin waya ma sai da na ji ta karkatar da kai.

Ƙarfe uku da kwata aka turo mini takardar. An rubuta cewa Lenford Maitland bai halarta ba, kuma wakilin baƙar fata ya shaida an yi adalci. Na ce ba zan sa hannu ba. Aka ce in na ƙi, aikin yau duka ya rushe, gurbin ya tafi, shi ma bai samu ba, sauran ukun ma ba su samu ba. Na sake fita na kira shi.

"Taka tana gabana," in ji shi. "Sa hannu, ɗan'uwa. In muka ƙi, gobe a ce mun cika rigima, a daina kiran na bayanmu."

"Kai ka fara."

"A'a, tare. Kada wani ya riga wani."

Haka muka yi, waya a kunne, biro a hannu. Na sha ganin wulakanci a wurin aiki, amma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin nan ba, domin da hannuna na yi. Shugabar ta gode mini, ta ce gudummawata ta ƙayatar da su.

Akwai wata ƙaramar tasha a tsakiyar hanya inda ake canza jirgi. A nan na gan shi a kan benci, dogon mutum mai furfura, ko alamar shago bai cire daga hannun kwat ɗinsa ba. Ba sai an gabatar da mu ba. Na zauna kusa da shi, sai ya ce, "Tambayoyin suna wurinka? Yi mini. Mako uku ina shiri, ba zan koma gida da su a ciki ba."

Na yi masa duka shida. Jama'a, mutumin nan ya san aikinsa. Ya san littafin da ɗalibai ke ɓoyewa a bayan kanta lokacin jarrabawa, ya san yadda ake gane wanda ya zo karatu da wanda ya zo don ɗakinsa ba ɗumi. Cikin ukun da na gani da safe babu wanda ya kama ƙafarsa. Na ce masa na ba shi aikin. Shi ma ya zaro takardarsa ya yi mini nawa, na amsa tsakanina da Allah, har da tsayuwa in nuna yadda ake kashe gobarar sinadari. Ya ce kwamiti ya gamsu, in fara ranar Litinin. Muka yi musabaha. Sannan ya gaya mini cewa wanda aka ɗauka a wurinmu ya faɗa wa kwamiti duk abin da ya sani ni na koya masa, kuma kwamitin ya yaba da tawali'unsa. Jirginsa ya zo, ya shiga bai waiwayo ba, na kuwa gode masa da hakan, don fuskata ba ta kallo ba ce a lokacin.

Yau da safe wasiƙa ta iso daga hawa na bakwai. Mai Girma yana taya jami'o'in biyu murna, domin kowane kwamiti ya samu baƙar fatarsa cif, ba a karya doka ko ɗaya ba. Sai dai ya nuna damuwa matuƙa cewa a wurare biyun babu baƙar fata ko ɗaya da ya zo intabiyu, duk da ƙofar da aka buɗe mana. Saboda haka ya kafa sabon kwamiti da zai binciko abin da ke sa mu jin tsoron neman ci gaba, kuma ana gayyatata in zama mamba.

Na amsa musu zan zo. Ni ma ina so in ji dalilin.