Ranar da Aka Auna Taya da Ni

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na ci kwalliya na bi maigidana Orozo, can gefen Abuja, ba. Ko yanzu idan na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a ɗaki.

Mu a Karu muke zaune. 'Yan'uwana duk suna Zariya, ɗanmu Khalifa yana makarantar kwana, maƙwabta kuma irin na Abuja ne, kowa ya ja get ɗinsa ya rufe. Wata rana tun daga sallama da maigida da safe ba na sake buɗe baki sai a salla. Ranakun aiki yana ofis. Asabar da Lahadi kuma yana ƙarƙashin wata tsohuwar jif da ya saya don hawa duwatsu, ƙafafunsa kawai nake gani.

A lokacin aikin da ya sha masa kai shi ne ƙafafun motar. Irin mai aiki da man haidirolik ce, shi kuma ya ce tayoyin ba sa sauka sosai cikin rami, ba sa kuma hawa sosai kan dutse, sai motar ta riƙa ɗaga ƙafa ɗaya. Don haka shi da makanikinsa, Oga Bulus, suka cire silindojin asali suka sa dogaye, suka sauya tiyon mai da na birki don kada su tsinke, suka yi wa mazauninsu walda. (Kada ku ɗauka na ƙware. Na haddace ne saboda hirar da ake yi mini ke nan a kan tuwo, ni kuwa ina gyaɗa kai don kada hirar ta mutu.)

Ranar Juma'a da yamma ya leƙo kicin ya ce, "Maman Khalifa, gobe ki shirya, tare za mu fita."

Na juya don kada ya ga yadda bakina ya ƙi rufuwa. Rabon da mu fita mu biyu har na manta. Na yi alhamdulillahi a zuci, na ce addu'ata ce ta karɓu. Na kwaɓa lalle na zana wa kaina. Da safe na soya kaza, na yi dambun shinkafa da zoɓo, na ɗauki faranti biyu kacal. Na fito da leshin da nake ajiya tun bikin ƙanwata, na turara shi har sai da na yi tari.

Da na fito ya dube ni ya ce, "A'a, duk wannan?" Na yi fari da ido. Sai ya buɗe mini ƙofar baya ya ce in zauna ta hagu. (Ni kuwa na ce yau har direba ya zame mini. Kai, zuciya!) Hawan ma sai da na tattare zani, don motar ta ƙara tsayi kamar raƙumi.

Mun wuce gidajen Orozo, muka bar kwalta muka shiga wani fili mai duwatsu. Ina cikin zaɓen inuwar da zan shimfiɗa mana tabarma, sai na hango Oga Bulus da tef ɗin awo a wuya, da wasu abokan maigida uku kowa da motarsa. Duk da haka na dake. Na sauke gilashi muka gaisa, har da cewa, "Yau dai na ƙwace muku shi, ni ya fito da ni shan iska."

Suka kalli juna.

Oga Bulus ya leƙa wurin ajiye kaya a bayan motar ya ce, "Oga, ina siminti buhu biyu da na ce ka kawo? In ba nauyi a baya, yaya za mu san ko taya zai goga jikin mota?"

Maigidana, Allah ya shirya mini shi, ko a jikinsa ya ce, "Ka san siminti ɓata mota yake yi. Shi ya sa na taho da Hajiya."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, sai dai ƙasar ma ta yi mini nisa. Kafin in ce wani abu ya tayar da mota, ya ɗora tayar bayan hagu, wadda nake zaune a kanta, bisa wani ƙaton dutse. Motar ta karkace, kular kaza ta gangara, na riƙe ƙofa ina salati. Maigida ya sauko, su biyar suka durƙusa daidai ƙasan kujerata suna leƙe.

"Madam ya matsa jikin ƙofa," in ji Oga Bulus. Na matsa.

"Saura kaɗan. Madam, abeg, don Allah ɗan yi tsalle."

Na dubi maigida ko zai ce wani abu. Ya ɗago da baƙin mai a goshi, idonsa na ƙyalli kamar na yaro ranar salla, ya ce, "Daure, Maman Khalifa." Rabon da ya kalle ni da irin wannan idon an jima. To, jama'a, na yi. Ni, da leshina da lallena, na riƙa tashi ina faɗawa kan kujera, ɗankwali yana zamewa, har Oga Bulus ya yi ihu, "Bai goga ba! Oga, Madam ya fi siminti, siminti ba ya tsalle!"

Suka tafa, suka rungumi maigida. Kazar kuma suka haɗu suka cinye a tsaye, kowa yana sa albarka. Ni ina cikin mota ina jan carbi, ina kallon dutse don kada hawaye ya ɓata mini kwalli.

A hanyar gida ya ce in dawo gaba. Tun daga Orozo har Karu bakinsa bai huta ba, yana ba ni labarin yadda tayar ta hau, kamar ba ni ce a kanta ba. Na so in yi fushi, har na shirya maganar da zan faɗa. Amma sai na lura rabon da ya yi mini magana mai tsawo haka tun Khalifa yana goye, sai na haɗiye abata.

Abin da na koya shi ne, idan namiji ya ce "ki shirya", ki tambaye shi a matsayin me kafin ki kwaɓa lalle. Da wata Asabar ta zagayo ya sosa ƙeya ya ce saura ɓangaren dama ba a gwada ba. Na kalli falon nan shiru, na kalli agogon bango. Sai na ce ya jira ni in ɗauko hijabi.