Ranar da Na Binne Mai Tsaron Raga da Ransa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kashe mutum a gaban jama'a ba, da lasifika a hannuna, shi kuwa mamacin yana zaune a layi na huɗu yana fifita da takardar tsarin taro.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata kwaleji a Tarauni. Shekara bakwai ina mataki ɗaya, ƙarin girma ya ƙi zuwa, aka ce sai na gabatar da muƙala a gaban shugaban kwaleji da 'yan kwamiti. Abokan aikina duk sun rububi tarihin ganuwa da fatauci, ni kuwa na ce zan zo da sabon abu: tarihin ƙwallon ƙafa a birnin Kano, da yadda makarantu suka riƙa ciyar da manyan ƙungiyoyi da 'yan wasa. (Ban taɓa buga ƙwallo ba. A firamare ma ni ake ba wa ajiyar takalma.)

Gwarzon muƙalata wani tsohon mai tsaron raga ne da tsofaffin jaridu suke kira Garu. Wata uku ina shaƙar ƙurar ɗakin karatu ina bin sawunsa, sai jaridun suka daina ambatonsa. Na tambayi wani dattijo a majalisa, ya ce, "Ina jin ya rasu fa." Na ɗauki maganar, na cire "ina jin", na cire "fa", na yi mata lamba a ƙasan shafi. Haka ake yin ilimi.

Ana saura mako guda, wata ɗalibata, Rahila, 'yar mutanen Filato da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ta tare ni a bakin ofis.

"Malam, na ga sanarwar laccarka. Babana ma ya taɓa buga..."

"Rahila," na katse ta, "kowane uba a garin nan ya taɓa bugawa. Da za a tara su, Kano ba za ta samu ɗan kallo ko ɗaya ba."

Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, har na maimaita ta a ɗakin malamai.

Ranar taro na sha babbar riga. Zaure ya cika. Na hango Baba Danladi mai faci, wanda shekara shida yake liƙe mini tayar babur a Gyaɗi-Gyaɗi, zaune kusa da Rahila. Na ce a raina, ka ga amfanin ilimi, har masu faci sun zo ƙaruwa.

Na yi bayani, na kawo kan Garu, na sassauta murya. Na ce ya mutu cikin talauci, birnin da ya yi wa hidima ya manta da shi, ko kabarinsa ba a sani ba. (Talaucin ƙari na ne, don muƙala ta yi armashi.) Na zargi al'umma da rashin sanin darajar mutanenta. Sannan na roƙi kowa ya miƙe a yi shiru na minti ɗaya.

Kowa ya miƙe, har shugaban kwaleji. Baba Danladi ma ya miƙe, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Sai da minti ya cika cif ya ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."

"Bismillah, Baba."

"Wace cuta ce ta kashe ni? Don in sani in riƙa kiyayewa."

Rahila ta ɗaga wani tsohon hoton babanta sama: matashi ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, da wannan hancin, da wannan karyayyen ɗan yatsan da nake gani kullum a kan tayata. Zaure ya ɗauki ihu. Ɗalibai suna dukan tebur suna "Garu! Garu!" Shugaban kwaleji ya cire tabarau yana share hawaye, ba na tausayi ba.

"Kuma maganar talauci," in ji Baba, "gidan da nake ciki nawa ne. Kai ne dai kake haya a Daurawa."

Aka karɓe lasifikar daga hannuna aka ba shi. Awa guda yana ba da tarihin da na yi wata uku ina nema, ba takarda, ba lamba a ƙasan shafi. Ni kuwa ina tsaye a gefe riƙe da ruwan da aka kawo wa babban mai jawabi, har ya miƙo hannu na ba shi.

Kwamiti ya ce in sake bincike. Ƙarin girma ya ƙara shekara biyu. Har yau in na tsaya da babur, Baba Danladi sai ya ce, "Malam, sannu da zuwa maƙabarta." Nakan zauna a bencinsa da littafin rubutu, ya faɗa in rubuta.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zargi gari guda da manta mutum, ka fara tambayar mai yi maka faci abin da yake yi kafin ya fara faci. In kuma ɗalibarka ta ce "babana", ka bari ta kai aya.