Tsohon da Muka Binne a Fim ɗin Holan

Ɗan zaman da na yi a Holan ina wankin mota kafin su koro ni, shi ya sa na ce wa duk Zongo yarensu a bakina yake. Ranar da surukina Alhaji Mudi ya samo fim ɗinsu, wai daga littafi aka ɗauko shi, sai ya tara jama'a a shagonsa ya ce in fassara. Na gyara zama, na hau zuba.

Ba a jima ba aka binne wani tsoho. Na ce, "Shi ke nan, ya tafi." Can sai ga mutumin a kan keke, garau.

"Kai, ba shi muka binne ba?" in ji Alhaji.

"Tagwaye ne," na ce.

Mutumin ya sake fitowa da baƙin gashi. Na ce ashe 'yan uku ne.

'Yar Alhaji, wadda ta karanta littafin da Faransanci, ta ce mini, "Tonton," wato kawu, "mutum ɗaya ne, baya labarin yake komawa." Har yau ban gane yadda za a binne mutum sannan a ba shi keke ba.

Yanzu ko daga jana'iza muka dawo, sai wani ya matso kusa da ni: "Malam, wannan ya tafi ke nan, ko akwai na biyu?"