Yadda Duktur Kassim Ya Gano Ɓoyayyar Ɗariƙa

Duk wanda bai san Duktur Kassim Mailafiya ba, laifin kunnensa ne, don Duktur bai taɓa gajiya da gabatar da kansa ba. Tun da Sudan ta samu 'yancin kai, ƙasar Gadarif ta fitar da dawa, ta fitar da riɗi, amma ba ta fitar da abin da ya kai shi nauyi ba. Masanin tarihin sufanci ne da ƙungiyoyin asiri na zamani. Ya yi karatu a Hartum, ya ƙetare teku ya shekara shida wurin Turawa yana koyon abin da shehunan kakanninsa suke nufi, ya dawo da digiri da lofe da kwat ɗin da ko a bazara ba ya tuɓewa. Littafinsa layi uku ne a saman kowane shafi, sauran duk sharhi ne da ƙananan baƙaƙe, shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa Abu Hashiya, wato Uban Sharhi. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya so a rubuta masa a ƙofar ofis.

Abu ɗaya ya rage masa, kujerar farfesa. Sau biyu ya nema, sau biyu kwamitin jami'a ya ce aikinsa ba laifi, sai dai duk abin da ya gano wani ya riga shi ganowa. Ƙadiriyya an rubuta, Tijjaniyya an rubuta, har ƙungiyoyin Turawa masu riƙe hannun juna su kira fatalwa an rubuta. Abin da yake bukata shi ne ɗariƙar da ko masu ita ba su cika jin labarinta ba.

A ƙarshen daminar 1976, lokacin da dawa ta fara nuna, ya hau lori ya nufi Ƙala'at an-Nahal, gidan kawunsa Jibrin. Rabonsa da garin tun yana ɗan shekara takwas aka kai shi makarantar kwana. A can ba a san Duktur ba, Cindo aka sani. Ya yi wa matar kawunsa, Inna Ummusalama, bayani a tsanake cewa wannan suna ya daɗe da barin aiki. Ta ce to, ta ji, sannan ta tambayi Cindo ko har yanzu yana cin kisra, wainar dawar nan, da miyar kuɓewa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Allah ya buɗe wa ilimi ƙofa. Duktur yana zaune a inuwa ya ga tsofaffi tara, har da kawunsa, suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya cikin wata bukka a bayan gida, suka ja asabari. Ya lallaɓa ya maƙale a jikin zana da littafin rubutunsa.

Wani ya tambaya a hankali, "Sun zo?"

"Sun zo. Daga gabas, da hantsi."

"Da yawa?"

"Sai da suka rufe rana."

Duktur ya ƙara manna kunne. Wa zai zo daga gabas ya rufe rana in ba ɓoyayyun waliyyai ba? Can sai ƙamshin suya ya biyo iska, ya rubuta: walimar asiri. Da ya leƙa ta kafar zana ya ga sun haɗa kai a kan wata takarda mai gidaje bakwai a kwance, huɗu a tsaye, kowane gida da alama: da'ira, ƙafar kaza, ƙugiya. Hatimi ke nan, wanda bai taɓa gani a littafin kowa ba.

Da ƙaramin malami ne, da sai ya tambaya. Amma Duktur yana da ƙa'ida da ya koyar shekara goma sha ɗaya, cewa ɗan ƙungiyar asiri ba a tambayarsa, don in ya faɗa ƙarya ce, in ya musanta tabbaci ne. Kawu Jibrin ya lura ɗan 'yar'uwarsa yana ta zagaya bukka, ya kira shi ya fara gaya masa cewa zancen tsuntsaye ne suke yi. Duktur ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Kawu, kada ka karya alkawarinka sabili da ni. Mu masana mun san tsuntsu a harshen sufaye ruhi ne."

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Daga baya ya gaya wa matarsa a rage wa yaron nan jabana, gahawar ta fara taɓa masa kai.

Kwana biyu bayan haka takardar ta ɓata daga bukka. Ba sata ba ce, aro ne irin na ilimi, wanda ba a gaya wa mai kaya. Duktur ya koma Gadarif, ya aika wa kwamiti da maƙala mai shafi sittin, ya kuma sa aka shirya masa lacca da la'asar a zauren ma'aikata. Ya tsaya gaban malamai da 'yan kasuwar hatsi, ya ɗaga takardar sama.

"Jama'a, yau tarihi ya durƙusa a gabana. A kudancin garin nan akwai ƙungiyar da ba ta da suna, mutum tara ke ja mata gora. Suna da kalmar sirri, suna da taswira, suna jiran runduna daga gabas wadda za ta rufe rana. Turawa sun nema ba su samu ba, Larabawa sun wuce ta kai ba su gani ba. Ni kaɗai na ji da kunnena."

Aka yi tafi. Wanda ya fi kowa sauraro shi ne wani hafsan 'yan sanda a layin baya. Bai san komai game da waliyyai ba, amma ya san abin da ke gabas da Gadarif kan iyaka ne. Washegari mota ta je Ƙala'at an-Nahal ta kwaso tsofaffi tara, har da Zakari mai ido ɗaya da Ɗanlami wanda ba ya miƙewa sai da sanda.

Kwana uku suna tsare kafin a kira Duktur a matsayin gwani. Hafsan ya ajiye takardar a tebur, ya ce tambayarsa ɗaya ce: ƙungiyar asiri ce ko kuwa? In ita ce, gobe a wuce da su Hartum. In ba ita ba, su koma gida. Duktur ya dubi kawunsa zaune a ƙasa ba rawani, ya tuna maƙalarsa tana kan teburin kwamiti. Gaskiya zuciyarsa ta yi rawa, don shi ma mutum ne. Ya goge gumi ya ce a zahiri a'a, a baɗini e, kuma bambancin biyun yana bukatar gabatarwa. Ya kama gabatarwar.

Ya kai ƙarni na goma sha biyu sai ga Inna Ummusalama ta shigo, ƙurar lori har gira, da tukunya a kai. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta sa yatsa a kan hatimin ta karanta wa hafsan shi tas. Gidaje bakwai kwanakin mako ne, huɗun kuma rumfunan tsaro ne a kusurwoyin gona. Samari duk sun tafi yankan riɗi a manyan gonaki, don haka tsofaffi ke karɓa-karɓa wajen korar jan-baki, waɗanda a nan ake ce wa zarzur. Da'ira Zakari ne, ƙugiya Ɗanlami, ƙafar kaza mijinta, saboda sawunsa haka yake. Asabari kuwa suna ja ne don kada jikoki su ga tsuntsayen da suka soya. Ta buɗe tukunyar. Hafsan ɗan manomi ne. Ya yi dariya har da hawaye, ya ci guda shida, ya sallami kowa.

A cikin lori ba wanda ya yi wa Duktur magana. Shi ma bai damu ba, yana rubuta cewa ƙungiyar ta ƙware a ɓoye kanta har ta ruɗar da hukuma da tukunya ɗaya. Da suka isa gona suka tarar kwana ukun nan zarzur sun ci ɗaya bisa ukun dawar. Tsofaffi suka tsaya suna kallon zangarniyar da ta zama buntu. Ɗanlami ya zauna a kan kunya.

Da yamma Kawu Jibrin ya zana sabuwar takarda, ya kira Duktur cikin bukka, aka ja asabari. Ya ce sun yi shawara, tun da ya riga ya san sirrinsu, ba abin da ya rage sai a shigar da shi. Ya nuna masa sabuwar alama mai kama da lofe a gidaje biyu. Duktur ya ji ƙwalla. Wane masani a duniya ya taɓa kai wannan matsayi?

Da safe ya yi alwala, ya sa farar jallabiya a ƙarƙashin kwat. Suka raka shi har tsakiyar gona, suka ɗora shi kan rumfar itace, suka miƙa masa gwangwani da majajjawa.

Kawu ya ce, "Talata da Laraba naka ne, Cindo. In hannunka ya gaji da kaɗawa, ka yi musu irin abin da ka yi wa hafsa."

Ya yi musu kuwa, a tsaye, da hannu ɗaya a ƙirji. Waɗanda suke kusa da gonar sun shaida, a kwana biyun nan ko tsuntsu ɗaya bai tsaya ya ji ƙarshen gabatarwa ba.