Yadda Za Ki Cire Wa Dodo Haƙora Don Ɗan Shekara Uku

Ke matar ɗana, da duk mai irin karatunki, matso kusa. Da tatsuniya na reni 'ya'yana, ba wanda ya haukace, har da wanda kike aure. Amma tunda kin ce yanzu sai an auna labari da shekarun yaro, ga hanya. In kin bi ta, na yi miki alkawari ba tatsuniyar da za ta fita da rai.

1. Katse kaka

Ki bari sai tana tsakiyar labari, ki ce, "Mama, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai nan ba." Ƙwaƙwalwar da ta san inda kike ɓoye alewa, ta kuma iya buɗe wayarki. Kar ki tuna wannan.

2. Shirya dabbobi

Kura ta daina cin akuya, su zauna su fahimci juna. In yaro ya ce, "To me kurar ta ci?" ki ce ganye.

3. Sallami mai gadi

Akwai dodon da na ajiye a duron ruwan bayan kicin. Ba don ado na ajiye shi ba, gadi yake, ko albashi ba ya karɓa. Ki durƙusa gaban yaro ki ce, "Daina tsoro, ɗan albarka, dodo abokinka ne."

4. Jira sakamako

Yaro mai tarbiyya ba ya barin aboki hannu wofi. Yau ya jefa masa cokali a duro, gobe takalminki, jibi makullin motar ubansa. Uban yana ɗaga kujerun falo yana, "Wa ya ga makullina?" yaro ya ce, "Baba, na ba abokina." Ki tafa, ki ce ya koyi kyauta.

5. Ziyara

Aboki ya ƙi fitowa, sai yaro ya jawo kujera ya leƙa. A nan kina buƙatar tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta hango ƙafafu biyu suna reto a bakin duro, ta yi tsalle ta cafko. Ki tanade ta da wuri, ba kowane gida ke da ita ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana. Gwiwar da na buga a siminti dai ina bin ki, kuma ban yafe ba. Duro na rufe shi, na ɗora dutse, dodo ya koma bakin aiki. In yaron ya yi mafarkinsa ya farka da kuka, kar ki turo min shi. Ki rungume abinki, ki gode wa Allah da kike jin kukan.