Rasuwar Ɗan Ja, Keken Alhaji Maidaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Maidaji mai jakunkuna na unguwar Xiaobei a ƙasar Sin yake sanar da 'yan uwa 'yan kasuwa, na Kano da na Maraɗi, rasuwar kekensa na hawan dutse wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Litinin da hantsi a cikin kwantena, yana da wata takwas a hannun mai shi, saura kwana huɗu a tashi zuwa hamada.

Marigayin ba keken kasuwa ba ne. Kowa ya san Alhaji, Allah ya yi masa jiki, ga gwiwar hagu da ta daɗe da yin ritaya. Sai da ya yi sawu biyar masana'anta, ana gwada shi kamar za a ɗinka masa babbar riga, kafin aka ƙera ƙarfen da zai ɗauke shi. Tun daga ranar Ɗan Ja bai taɓa kai ƙara ba. Ya ɗauki mai gidansa a bakin kogi, ya hau da shi tuddan bayan gari, ya sha dariyar Dogara da sauran 'yan majalisar gidan abinci bai tanka ba. In hawa ta yi tsanani iyakarsa ya ce ƙii, ƙii, a hankali, kamar dattijo yana istigfari. In an gangaro kuwa, ƙirrin-ƙirrin, har tsofaffin Sinawa masu motsa jiki su ɗaga masa hannu.

Wanda bai sani ba zai ce me ya kai mai shekara sittin da uku hawan keke. To, Saffana ce. 'Yar Alhaji ce da ta yi karatun gine-gine a nan garin. Shekara biyar tana roƙon mahaifinta su je hamadar arewa maso yamma tare, su kwana a tanti, su zaga da keke, su taka da ƙafa su ga kufan tsofaffin garuruwa da ganuwar ƙasa wadda ta ce kamar an ɗauko badalar Kano an ajiye. Sau huɗu yana sa rana, sau huɗu kwantena na cinye ranar. A na huɗun ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba, ta dai daina tambaya. Wannan shirun shi ya kai Alhaji masana'antar keke. Yanzu ta gama karatu, ƙarshen wata za ta koma gida, kuma ta riga ta zana hanyar tafiyar kwana shida, har da inda Baba zai sauka ya huta.

Ajalin Ɗan Ja a hannun mai shi ya zo, kuma Alhaji ba ya ɗora wa kowa. Ya kwance ƙafar gaba, ya naɗe shi da soso, ya sa a kwali don a aika shi ya riga su isa. Ya ajiye a siton da yake tara kaya. Sai hannu ya yi abin da ya saba shekara ashirin da biyu: bai taɓa ganin kwali a rufe ya bar shi haka ba. Ya zaro alƙalami ya zana alamarsa ta kaya a gefe huɗu, ya ƙara da KANO da manyan baƙaƙe, ya tafi kasuwar Shiling duba jaka hankalinsa kwance.

Ghali mai kula da sito mutum ne mai bin ƙa'ida. Kwali mai alama na kwantena ne. Da yake kwalin dogo ne kuma mai faɗi, aka kwantar da shi a ƙasa, aka jera masa tayal ɗin wani bawan Allah har rufi. Da Alhaji ya dawo ya ga wurin wayam, ya sa aka sauke rabin kwantena, ma'aikata na zaginsa da yaren da ya gode Allah bai gama iyawa ba. An tarar da ƙarfen tsakiya ya karye gida biyu. Ghali ya ce ya ji wani ƙass lokacin lodi, ya ɗauka katako ne. Kalmar marigayin ta ƙarshe ke nan.

Marigayin ya bar tanti mai ɗaukar mutum biyu wanda bai taɓa ganin rairayi ba, da famfo, da hular kwano, da takalmin hawan dutse lamba arba'in da shida. Ya bar tikitin jirgin ƙasa biyu na ranar Juma'a. Ya bar ƙararrawarsa, ita kaɗai ta fita da rai.

Kada wani ya zo ta'aziyya da cewa ai garin nan ake ƙera keken duniya. Alhaji ya sani. Kwana biyu yana yawo, shago goma sha tara, kowane laoban, wato mai shago, ya dube shi sama da ƙasa ya ce meiyou, babu. Wanda ya yarda aka gwada nasa, sirdin ya lanƙwashe tun a bakin ƙofa. Masana'anta kuma ta ce kwana ashirin, in ana so da sauri sai dai a yi odar guda ɗari uku.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan la'asar, a bayan sito, inda mai gwangwan zai zo da kekensa mai ƙafa uku ya ɗauki gawa. Babu salla, tunda ƙarfe ne. Ba a buƙatar shinkafa ko goro. Mai son yin ta'aziyya ta gaskiya ya zo da keke babba mai ƙwari, aro ko sayarwa, ko na surukinsa ne, kafin asubar Juma'a. Ana roƙon Dogara ya zo da bakinsa a rufe.

Saffana ba ta sani ba tukuna, kuma don girman Allah kada wanda ya tura mata wannan takarda. Mahaifinta zai gaya mata da bakinsa a tasha, bayan sun zauna, jirgi ya ɗaga. In keke bai samu ba, zai sa ƙararrawar a aljihu, ita ta hau nata, shi ya bi ta a ƙafa da gwiwar nan tasa. In ta yi masa nisa zai kaɗa, ta san yana nan tafe.