Farautar Zanen Gawayi

A majalisarmu ta gindin dalbejiya, nan cikin birnin Kano, akwai wani dattijo Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin reluwe. Tun da ya yi ritaya zama ya ishe shi, sai ya ɗauko wa kansa wata sana'a da ba ta kawo ko sisin kwabo, wai farautar zane. A cewarsa akwai wani mutum a garin nan, ba wanda ya san sunansa balle kamanninsa, da yake bin katangun mutane yana zane da gawayi. Yau a wayi gari a ga ya zana akuya tana ba wa motoci hannu a shataletale, gobe a ga ɗan adaidaita sahu ya cusa raƙumi a kujerar baya yana neman cikon mutum ɗaya. Shi kuwa Malam Tanimu da ya idar da sallar asuba sai ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya haye tsohon kekensa mai kukan tsuntsu, ya bi gari lungu-lungu, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Ƙoƙi zuwa Gwammaja, yana leƙen katanga kamar wanda tunkiyarsa ta ɓata.

Matsalar ita ce zanen ba ya yini. Ko mai gida ya fito da bokiti ya wanke katangarsa yana tsinuwa, ko masu liƙa fastar 'yan takara su rufe shi da fuskar wani mai murmushi, ko yayyafi ya sauko, ko kuma akuya ta zo ta sosa ƙaiƙayinta a jiki ta tafi da rabin aikin. Wayar Malam Tanimu kuwa 'yar rakani-kashi ce, ba ta ɗaukar hoto. Ranar da ya ari ta ɗansa, babban yatsansa ya ɗauko mana har kala uku.

Saboda haka mu dai labari muke sha. Zai shigo majalisa yana haki, ya jingine keke, ya fara:

"Yau kam da kun ga abin da na gani a bayan kasuwar Kurmi..."

Sai Alhaji Nasidi, dillalin filaye, mutumin da ko sallama ka yi masa sai ya nemi shaida, ya ce, "Malam, gani ya kori ji. Kai mu."

Mun bi shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sai mu tarar da katanga jiƙe sharkaf, ko kuma ɗan takarar kansila yana washe mana haƙora.

"Wallahi nan yake da safe," in ji Malam Tanimu.

"Mu ma da safe muna da shayi mai zafi a gabanmu, ka tashe mu," in ji Nasidi.

A hankali abin ya zama karin magana a majalisa. Duk wanda ya shirga ƙarya sai a ce, "Wannan zanen Tanimu ne." Abin nan ya yi wa dattijon ciwo ƙwarai, don mutum ne da ya yi aiki har ya gama ba a taɓa ce masa maƙaryaci ba. Ran nan ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse ba zai sake zama a kan bencinmu ba sai ranar da muka ga zanen da idonmu. Muka yi dariya, amma gaskiya mun yi kewarsa, don shi ne yake kawo ƙosai.

Wata Laraba da sassafe sai wayar Nasidi ta yi ƙara. Malam Tanimu ne.

"Ku taho yanzu-yanzu! Lungun bayan masallacin Alfindiki, katangar wata tsohuwa. Na hango shi daga bakin lungu, ƙato ne, ba a taɓa shi ba. Ku hau adaidaita, ni zan tsare shi da raina!"

Kuskuren da ya yi shi ne ya kira mu tun bai ƙarasa gaban katangar ba. Da ya kashe waya ya turo keke ya zo kusa, ya ɗaga kai, sai ya ga zanen sosai. Wani dattijo aka zana a kan keke, ƙafar wando ɗaure da roba, harshe a waje, wuya a miƙe yana leƙen katanga. Ga kuma kunnuwa, kowanne kamar faifai, iska tana kaɗa su. Ashe duk yawon nan da yake yi yana neman mai zane, mai zane yana nan wani wuri yana ƙare masa kallo.

Malam Tanimu ya shiga uku. In ya bar zanen muka zo muka gani, ya wanke kansa daga ƙarya amma ya zama abin dariya har jikoki. In kuma ya goge, ya tabbata maƙaryaci na har abada. Gaba kura, baya sayaki. Ya yi tsaye yana salati, can kunya ta rinjayi gaskiya. Ya tuɓe hularsa, ya jiƙa ta da ruwan butar da ya gani a ƙofar gidan, ya hau katanga da guga.

To Malam Tanimu gajere ne, mai zanen kuwa da alama dogo ne. Ya goge tayoyin keken, ya goge wandon, ya goge ciki da ƙirji. Kan ne ya gagara. Ya yi ɗage, ya yi tsalle, hula ba ta kai ko haɓa ba. Yana ƙoƙarin jingina keke ya taka sirdi sai ya ji an damƙe masa riga ta baya.

"Yau Allah ya kama ka!"

Mai gidan ce, Gwaggo Ladiyo, tsohuwa mai sayar da koko, ludayi a hannu. Ashe ba wannan ne karo na farko da aka ɓata mata katanga ba, ta daɗe tana dako.

Daidai nan adaidaitarmu ta tsaya. Muka fito muka tarar da Malam Tanimu kai ba hula, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, gemu duk gawayi, tsohuwa ta riƙe shi tamau. A samansa kuma ga kansa can a katanga, ba jiki, harshe a waje. Nasidi ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya zauna a bakin kwata yana sheƙa dariya.

"Kun gani ko?" in ji Malam Tanimu, kamar zai yi kuka. "Kun ga ba ƙarya nake ba?"

"Mun gani, Malam," in ji Nasidi yana share hawaye. "Har mai zanen mun gani, ga gawayi nan a hannunsa."

"Ni ma abin da na ce ke nan," in ji Gwaggo Ladiyo. "Tsofai-tsofai da kai, ka rasa abin yi sai ɓata katangar marayu. Mu je wurin mai unguwa."

"Haba Gwaggo, ki dubi girman Allah! Gogewa nake, ba zanawa ba." Ya nuna katangar da hularsa mai ɗigar baƙin ruwa. "Ke ma ki duba da kyau. In ni ne na zana kaina, zan yi wa kaina irin waɗannan kunnuwan?"

Tsohuwa ta saki rigar. Ta ja da baya ta ƙura wa katanga ido, ta juyo ta dubi kan Malam Tanimu ta dama, ta zagaya ta dube shi ta hagu, sannan ta girgiza kai.

"Ɗan nan, na yarda ba kai ba ne. Amma in ka gamu da mai zanen ka yi masa godiya, don gawayinsa ne ya ƙare tun bai kai ƙarshen kunnuwan naka ba."